Aro ko sata? Nazari a kan zargin satar jawabi a zaɓen Faransa na 2017

A ranar 1 ga watan Mayu 2017, tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Faransa, Marine Le Pen ta yi jawabi a Villepinte, kusa da birnin Paris. Ba a daɗe ba aka gano cewa wasu sassan jawabin sun yi daidai, kusan kalma da kalma, da wanda François Fillon ya yi a Le Puy-en-Velay ranar 15 ga watan Afrilu. Sassan suna magana ne a kan iyakokin Faransa na ƙasa da na teku, da kuma yadda ake layin jiran shiga makarantun koyon Faransanci a Shangai, Tokiyo da Meziko. Jaridu suka kira abin sata. Mutanenta kuwa suka ce da gangan aka yi, don jan hankalin masu zaɓen Fillon, wanda ya faɗi a zagaye na farko da kimanin kashi 20 cikin ɗari.

Zargin da kariyar duka suna da rauni. Kariyar ba ta tsaya ba domin ishara sai mai sauraro ya gane ta. Taron Villepinte ba a faɗa masa daga ina maganar ta fito ba. Zargin kuma ya ɗauka cewa kalmomin na Fillon ne, alhali marubuci Paul-Marie Coûteaux ya bayyana cewa daga littafinsa na 1997 suka samo asali, kuma shi ya ba mutanen Fillon su. Ashe duka ƴan takarar biyu da bakin wani suka yi magana. Daidaituwar kalmomi tana nuna cewa an ɗauko, amma ba ta nuna mai su ba.

Kwatanci da abin da ya faru a Amurka zai ƙara haske. A watan Agusta 1987, a jihar Iowa, Joe Biden ya yi amfani da wani sashe na jawabin Neil Kinnock, shugaban jam'iyyar Labour ta Birtaniya, ba tare da ambaton sunansa ba, ko da yake ya ambace shi a wasu tarurruka kafin nan. Abin da ya tsananta laifin shi ne, sashen labarin rayuwa ne: kakanni masu haƙar kwal, da ɗa na farko a zuriya da ya shiga jami'a. Biden ya janye daga takara a watan Satumba. Le Pen ta ari siffanta ƙasa. Biden ya ari shaidar asali, wadda gaskiyarta ta rataya a kan mai faɗinta.

Daga nan ana iya bambanta matakai uku. Na farko, dukiyar kowa, kamar karin magana da gaisuwa da addu'a, waɗanda ba a tambayar mai su. Na biyu, tsarin jimloli da jerin hujjoji da wani sananne ya gina; ɗaukar su tana bukatar ambato. Na uku, shaidar abin da mutum ya gani ko ya sha, wadda ba ta aruwa ko kaɗan.

Wannan bambanci ya shafi masu tsara kalmomi na yaƙi da jahilci. Kafofin labarai na Hausa sukan fassara duka da "satar fasaha", kalmar da ke yanke hukunci tun kafin a yi bincike. Amma Hausa tana da aro, da kwaikwayo, da naƙali, da sata, kowace da nauyinta. Al'adar zaure ma ta san haƙƙin ambato, domin almajiri yakan faɗi malamin da ya karɓa daga wurinsa. Idan littattafan karatun manya suka haɗa waɗannan kalmomi wuri ɗaya, sabon mai karatu zai ɗauki maroƙi mai maimaita kirarin gargajiya ɓarawo, ko kuwa ya ɗauki mai satar tarihin wani mai aro. Ya kamata ƙamus ɗin da ake shirya wa masu fassara ya ware su, tare da misali ga kowace.