Baba Mutuniyar Karo da Matan da Ba a Rubuta Ba

Idan aka zo lissafin matan ƙasar Hausa waɗanda suka share wa 'yan'uwansu hanya, sunan da a ke fara kamawa shi ne na Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma naɗa wa 'yan taru shugabanni, watau jaji, don su riƙa kai ilmi ga matan ƙauyuka. Daga nan sai a ambaci Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana da ƙuruciya, ta sha duka da ɗauri sau da dama wajen nema wa mata ikon jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Lalle waɗannan sun cancanci duk yabon da a ke yi musu. Amma akwai wata tsohuwa wadda ba ta yi karatun boko ba, ba ta hau dandalin siyasa ba, duk da haka tana cikin matan Hausa na fari da aka buga labarin rayuwarsu daga bakinsu, duniya ta karanta. Ita ce Baba mutuniyar Karo.

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, can kudu maso yammacin ƙasar Kano, dab da iyakar Zazzau. Ubanta manomi ne, malami kuma. Daga baya zama ya kai ta Giwa ta ƙasar Zazzau, kuma a nan ne ta gamu da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith, mutumin Jamaika wanda ya zo binciken zaman jama'a da tattalin arzikin Zazzau. Tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950 Baba ta riƙa ba ta labari, ita kuwa tana rubutawa da hannu cikin Hausa, sa'an nan ta juya shi zuwa Turanci. An buga littafin a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta gan shi ba, gama Allah ya yi mata rasuwa a 1951.

Alherin farko da mai karatu zai samu cikin littafin nan shi ne ya shigar da shi inda tarihin sarakuna ba ya shiga. Tarihin Kano da makamantansa suna faɗin wanda ya ci sarauta, da shekarun da ya yi, da garuruwan da ya ci da yaƙi, amma ba su faɗin abin da ya sami matar da ta fita itace ranar da mahara suka zo. Baba ta faɗi wannan. Ta ba da labarin yadda a ke kama mutane a gona da hanya, da yadda dangi ke tara kuɗin wuri su bi sawu su fanso nasu, da yadda a ke gudu cikin ganuwa in an ji ƙarar hari. Ta bayyana zaman rinji, yadda bayi ke yin aikin gandu, su kuma sami lokacin gayaunarsu. Ta kuma faɗi yadda zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a Fabrairu 1903, ya sa hari ya ƙare, bayi da yawa suka kama gabansu, ubangijinsu ya koma riƙon fartanya da kansa.

Alheri na biyu kuwa shi ne yadda ta nuna zaman mata a tsakaninsu. Baba ta yi aure huɗu, na farko auren zumunci ne da ɗan'uwanta, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar da su. Wanda ya karanta zai ga cewa macen ƙauye ta wancan zamani ba kayan ɗaki ce da a ke ajiyewa ba. Tana da ƙawaye da su ke taimakon juna wajen biki, tana da jarinta, in zama ya ƙi daɗi kuma ta san hanyar gidan alƙali. Al'adun aure da goyon ciki da wankan jego da suna da yaye duk ga su nan filla-filla, har da zancen bori da na karuwai, wanda ta yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Maganarta a miƙe ta ke, ba ta yabon kanta, ba ta kuma neman a ji tausayinta. Wannan ne ya sa mai karatu ke gaskata ta.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Aibi na farko ba na Baba ba ne, na halin da littafin ya fito ciki ne. Maganar da aka yi da Hausa a Giwa ta fito da Turanci a Ingila, ta zama abin karatun ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka, har aka sake buga ta a Jami'ar Yale a 1981, alhali jikokin matan da a ke zance a kansu ba su san da ita ba. Sai bayan shekaru masu yawa aka buga Hausar da aka faɗe ta da ita. Duk gwanintar mai fassara, akwai gishirin magana da ba ya ƙetare kogi, musamman habaici da kirari da waƙoƙin biki.

Na biyu, dole mai karatu ya tuna cewa akwai mai tambaya a gefe, ko da ya ke ba a cika jin muryarta ba. Abin da Baba ta daɗe a kansa, kamar lissafin dangi da wa ya auri wa, shi ne kuma abin da masu binciken suka zo nema. Doguwar gabatarwa da bayanan da M. G. Smith ya ƙara suna da amfani ƙwarai, amma sun so su mai da Baba misali na matan Hausa duka, ita kuwa mace ɗaya ce, mai halinta daban. Haka kuma yabon da ta yi wa zuwan Turawa, da cewa talakawa Haɓe sun yi murna da shi, ya kamata a auna shi da sanin cewa wa ta ke faɗa wa, kuma a zamanin mulkin wa.

Na uku shi ne mafi nauyi. Baba 'yar gidan masu bayi ce. Ta yi zancen bayin gidansu da ƙauna, kamar 'yan'uwa, kuma babu dalilin cewa ƙarya ta yi. Amma baiwar da ta yi noman, wadda aka raba da uwarta a wata ƙasa, ba ta yi magana ba ko sau ɗaya. Wanda ya ɗauki labarin mai gida shi kaɗai ya ji rabin shari'a ne.

Na huɗu, Karo ba ita ce ƙasar Kano duka ba. Gefen iyaka ce, mai yalwar daji a lokacin. Wanda ya bi ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi har Ɗambatta zai ga wata irin ƙasa, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona, ba a barin saura, sai taki da toka ke riƙe da ƙasar shekara da shekaru. Masifar da ta fi damun mutanen wannan gefe a ƙarshen ƙarni na 19 ita ce yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 da hare-haren Damagaram, sa'an nan yunwar 1913 zuwa 1914. Matan nan ne ke kaɗin zaren da masaƙa ke saƙawa, zaren da ya ɗaga sunan tufafin Kano wanda Barth ya yi mamakin cinikinsa a 1851. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, su ne kuma suka riƙe matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli da dakan fura da daddawa, suna cikin kulle, yara na yi musu talla.

Wata Baturiya, Polly Hill, ta kira wannan ciniki ɓoyayyen ciniki. Ta yi bincike a Ɗorayi kusa da birnin Kano, ta buga littafinta a 1977. M. G. Smith ya ce kulle ya yaɗu a ƙauyuka ne bayan ƙarewar bauta, don mata sun ɗauki aikin gona alamar bauta. Ita kuwa ta jawo hankali ga abin da ya sauƙaƙa shi, watau kusancin ruwa da ya sa a ke haƙa rijiya a cikin gida, da yawan jakuna masu ɗaukar kaya. Duka biyu bayanin masu kallo ne daga waje. Matar da ta zauna cikin kullen, ta tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta daga kwabo da ɗari, ba a ji ta bakinta ba kamar yadda aka ji na Baba.

Gaskiya ne daga baya mata sun kama alƙalami da kansu. Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta Kano kuma ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, a kan yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. Amma waɗannan ƙagaggun labarai ne, na matan da suka iya karatu. Ba su maye gurbin shaidar tsohuwar da ta gani da idonta ba.

Saboda haka darajar littafin Baba ba ta tsaya ga abin da ya ƙunsa ba, har da abin da ya nuna yana yiwuwa. Hira ta 'yan makonni da tsohuwa ɗaya ta adana abin da kundin sarauta bai adana ba. A ƙauyukan arewacin Kano har yanzu akwai tsofaffi da suka ga zamanin dalar gyaɗa, da fari da yunwar 1973, da shigowar makarantar boko ta kowa da kowa a 1976. Jikokinsu sun iya rubutu, ba su bukatar tafinta, ba su kuma bukatar izinin shiga gida. In suka zauna suka rubuta da Hausa, suka nemi ta bakin 'yar mai gida da ta bakin jikar baiwa, za su cike gurbin da littafin 1954 ya bari. In kuwa aka yi sakaci, to, kowace jana'iza tana tafiya da nata littafin.