Girma a Ingilishi da Hausa: Sharhi a Kan Wani Rauni na Fassara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin yadda ake fassara kalmomin Ingilishi masu nuna matuƙar girma zuwa Hausa, sannan ta nuna ɓarnar da ke tattare da hakan. Abin lura shi ne, mafassaran jaridu da gidajen rediyo sukan tattara waɗannan kalmomi su mayar da su "babba ƙwarai" ko "katafare", sai ka ce Hausa ba ta da wasu.

2.0 Kalmomin Ingilishi

Yawancin kalmomin nan aro ne. "Enormous" daga Latin take, asalin ma'anarta abin da ya fita daga ƙa'ida. "Gigantic" ta samo tushe daga sunan ƙattin tatsuniyoyin Girkawa, "colossal" daga sunan manyan gumaka irin wanda aka gina a tsibirin Rodas, "mammoth" kuwa sunan wata giwar dauri ce da ya shigo daga Rashanci. Ana iya liƙa kusan kowaccensu ga gini ko bashi ko kuskure, domin ba su faɗar siffar abin, iyakarsu ƙarfafa girmansa.

3.0 Kalmomin Hausa

Hausa kuwa takan haɗa girma da kama. Ana cewa makekiyar gona saboda faɗi, zungureriyar sanda saboda tsawo, shirgegen sa saboda jiki, gungumemen itace saboda kauri. Ba a cewa zungureriyar gona sai in siririya ce mai tsawo. Haka kuma waɗannan sifofi suna da ƙirarsu ta musamman:

makeke, makekiya, maka-maka
shirgege, shirgegiya, shirga-shirga

Tun a 1934 Bargery ya jera ɗaruruwan irin waɗannan kalmomi a ƙarƙashin "ƙato" cikin ƙamusunsa. To amma jerawa ba bayani ba ce. Mai karatu bai san wacce ta dace da rijiya ba, wacce ta dace da mutum.

4.0 Illar Wannan Rauni

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina kunnensa zai gyara masa. Matsalar tana ga wurare irin su Mubi da garuruwan kewayenta kamar Betso a Jihar Adamawa, inda jama'a da dama ke koyon Hausa bayan harshensu na gida. Idan littafi da rediyo "katafare" kawai suka ba ɗalibi, da ita zai rayu, ita kuma zai koyar.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne mafassari ya fara tambayar kansa siffar abin da ake magana a kai kafin ya zaɓi kalma. Su kuma masu tsara ƙamus, ya kamata kowace irin wannan sifa su kawo ta tare da sunayen da take bi, da tamatarta da jam'inta.