Moolaadé: Wa ya ƙona rediyon matan ƙauye?

Mai karatu, in Allah ya sa ka samu fim ɗin Moolaadé na marigayi Usman Sembene, ɗan ƙasar Sanagal, wanda ya fito a 2004, to ka sa ido kan abu guda: tsibin rediyoyin da aka cinna wa wuta a dandalin ƙauye.

Ga labarin a taƙaice. A wani ƙauye na Burkina Faso, 'yan mata huɗu suka gudo daga hannun masu kaciya, suka faɗa gidan wata mata mai suna Colle. Ta ɗaura igiya a ƙofa, alamar sun shiga amanarta, ba mai taɓa su sai ta janye da bakinta. Dattawa suka ce ai rediyo ne ke hure wa mata kunne, sai aka bi gida-gida aka ƙwace. Mijin Colle kuwa, yayansa ne ya tunzura shi har ya zane ta da bulala a bainar jama'a.

A nan fim ɗin ya yi zarra. Masana halayyar al'umma, fannin da ya kafu a Amurka bayan taron Swampscott na 1965, cewa suke yi damuwar mutum ba a ƙwaƙwalwarsa kaɗai take ba, sai an duba wa ke riƙe da iko a inda yake zaune. Matan nan sun san kaciya na kashe 'ya'yansu, amma sun yi gum, domin masu yanke hukunci su ke zaɓar abin da kunnensu zai ji. Shi ma mijin abin tausayi ne: tsoron a kira shi mijin-ta-ce ya fi ƙarfin son da yake wa matarsa.

Inda na ga rauni shi ne ƙarshen. Tsoron da aka gada kaka da kakanni ya watse a yini guda, masu kaciya suka zubar da wuƙaƙe. Duk wanda ya taɓa ja da manyan gari ya san abin ba ya zuwa da sauƙi haka.

Duk da haka, akwai darasi ga 'yan fim ɗinmu. Da mace ta zautu a fim ɗin Hausa, sai a ce kishiya ce ta yi mata sammu, a kira malam, shi ke nan. Yaushe za mu ga daraktan da zai tambayi wanda ya hana ta magana tun farko?