Masu Yi wa Yaƙi Linzami

A tsangayoyin koyon shari'a na jami'o'i akwai fannin da mutane da dama kan taɓe baki idan suka ji sunansa, wato dokar jinƙai ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fi sani da dokokin yaƙi. Abin da sukan ce shi ne, wanda ya riga ya saɓa bindiga wa zai tsayar da shi ya karanta masa doka? Ni kuwa a ganina babu reshen shari'a da ya kai wannan buƙatar kaifin basira da sanyin zuciya. Lauyan da ke shari'ar gado ko ta fili yana da watanni na bincike da ɗage zama. Wanda ya ƙware a dokokin yaƙi kuwa ana iya ba shi minti goma kacal, ga taswira a gabansa, ga kwamanda a tsaye yana jira, kuma rayukan mutanen da bai taɓa gani ba suna rataye da amsar da zai bayar.

Tushen fannin a zamanance yana komawa ga yaƙin Solferino na arewacin Italiya a 1859, inda wani ɗan kasuwa mutumin Jeneba, Henry Dunant, ya tarar da dubban sojoji kwance cikin jini babu mai ba su ko ruwa. Kiran da ya yi ne ya haifar da Kwamitin Red Cross na Duniya a 1863, da yarjejeniyar Jeneba ta farko a 1864. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tsara yarjejeniyoyi huɗu na 1949, masu kare raunanan sojoji a tudu, da na kan teku, da fursunonin yaƙi, da fararen hula. Ƙasashe 196 sun amince da su, aka kuma yi musu ƙari biyu a 1977. Ɗalibi zai haddace sassan nan, amma hadda ita ce mafi sauƙin aikinsa.

Gwanintar farko da malami ke ɗora shi a kai ita ce ya san irin rikicin da ke gabansa kafin ya buɗe baki. Tarzomar gari da harbe-harben 'yan fashi ba yaƙi ba ne a idon doka, suna ƙarƙashin dokokin ƙasa da na haƙƙin ɗan Adam. Faɗa tsakanin ƙasa da ƙasa yana da dokokinsa, faɗa tsakanin gwamnati da ƙungiya mai makami yana da nasa. Tun daga hukuncin Tadić na 1995, a kotun da aka kafa don laifuffukan tsohuwar Yugoslabiya, ma'auni biyu ake dubawa: tsananin faɗan, da kuma tsarin ƙungiyar. Shin tana da shugabanci da ake bi? Tana iya shirya hari ta kai shi? An fito da sojoji da manyan makamai, ko kuwa 'yan sanda sun wadatar? Amsar tana da nauyi. Sojan da aka kama a yaƙin ƙasa da ƙasa fursunan yaƙi ne, ba a hukunta shi don ya yi yaƙi kawai, ba ya da wajibcin faɗin komai sai sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa, kuma a sake shi da zarar faɗa ya ƙare. A yaƙin cikin gida babu wannan matsayi, amma sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin huɗu ya hana kashe wanda ya ajiye makami, da azabtarwa, da garkuwa da mutane, da zartar da hukunci ba tare da kotu ta gaskiya ba.

Gwaninta ta biyu ita ce ta fi wahalar haɗiya. Ana koya wa ɗalibi ya raba tambayar wa ke da gaskiya a yaƙin da tambayar yaya ake yin yaƙin. Wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci doka ɗaya ce ta ɗaure hannunsu a fagen fama. Zuciya takan ƙi wannan, musamman ga matashin da ya san ɓangaren da yake so. Amma hikimar a fili take: kowane ɓangare gani yake shi ne mai gaskiya, kuma da a ce mai gaskiya ne kaɗai aka sassauta wa, da kowa ya sassauta wa kansa. Ɗalibin da ya iya kare haƙƙin fursunan da ya tsani aƙidarsa, da hujja da natsuwa, ya kama hanyar zama gwani.

Sai a zo ga aikin da ya fi burge ni. Malami zai zana kogi a allo, ya ɗora gada a kai. Da dare motocin abokan gaba suna bi da harsasai, da rana masu kai tumatir kasuwa da 'yan makaranta. Sai ya juya ya ce, "Kai ne mai ba kwamanda shawara. A buga ko kada a buga?" Sabon ɗalibi zai yi caraf ya ce haramun ne, ko ya ce halal ne. Gwani kuwa tambayoyi zai jero, kowace a gurbinta. Gadar tana taimaka wa aikin sojan abokan gaba da gaske, kuma rushe ta a yanzu zai kawo tabbatacciyar riba ta soja? In haka ne, ta zama abin hari. Daga nan sai ya ɗauko ma'auni: mutum nawa ake tsammanin za su mutu ko su jikkata, kuma ɓarnar ta wuce kima idan aka gwada ta da ribar da ake hange? Akwai bututun ruwan sha a ƙarƙashin gadar? Ita kaɗai ce hanyar zuwa asibiti? Sannan ya koma ga taka-tsantsan: me zai hana a buga da ƙarfe uku na dare maimakon ranar kasuwa? Akwai makamin da ya fi saiti? Za a iya yin gargaɗi tukuna? Idan matuƙin jirgi ya hango motar fasinja ta hau gadar, yana da umurnin fasawa? Wannan ba tatsuniyar aji ba ce. A watan Afrilu na 1999 jirgin ƙungiyar NATO ya harbi gadar Grdelica a Sabiya daidai lokacin da jirgin ƙasa na fasinja ke tsallakawa, aka rasa rayuka, kuma har yau ana nazarin lamarin a azuzuwa.

Abin lura shi ne gwanin bai tsaya ga cewa a'a kawai ba. Wanda bai iya komai ba sai hani, nan da nan za a daina kiran sa ɗakin shawara. Shi gwani nuna wa soja yake yi hanyar da zai cim ma bukatarsa ba tare da ya taka waɗanda ba ruwansu ba. Saboda haka ne sashe na 82 na ƙari na farko na 1977 ya wajabta wa ƙasashe su tanadi masu ba kwamandoji shawarar shari'a, kuma cibiyar San Remo ta Italiya, wadda aka kafa a 1970, take horar da hafsoshi daga sassan duniya.

Da yake ilimi ne na aiki, ana gwada shi da aiki. A gasar Jean-Pictet, wadda aka fara a 1989, kowace jami'a kan tura ɗalibai uku. Ana ƙago musu ƙasa da yaƙinta, su yi kwanaki suna sauya matsayi: yau su ne lauyoyin ma'aikatar tsaro, gobe wakilan agaji masu neman izinin ziyartar fursunoni, jibi masu lallashin madugun 'yan tawaye ya saki yaran da ya sa cikin mayaƙansa. Alƙalai suna duba sanin doka, suna kuma duba ko ɗalibi ya iya magana da mai bindiga ba tare da rawar murya ko cin fuska ba. A nahiyarmu ma Red Cross ta sha tara ɗaliban jami'o'in Afirka a Arusha ta Tanzaniya don irin wannan kotun gwaji.

Ɗalibin da ya tashi a gidan da ake karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ba baƙo ba ne a wannan aji. A cikinta akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga jagoran rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya, da rushe wuraren zama. Muhammad al-Shaibani kuma ya rubuta littattafai a kan hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu tun ƙarni na 8. A Nijeriya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar wa sojoji ƙa'idojin aiki a 1967 lokacin yaƙin basasa. Bukatar masanan kuwa tana ƙofar gida. A ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, rundunar soja ta ce kuskure ne, kuma cikin mamatan har da ma'aikatan agaji. Tambayoyin tantancewa da taka-tsantsan da ake yi a kan gadar allo su ne ainihin waɗanda ya kamata a amsa kafin irin wannan jirgi ya tashi.

Gaskiya ne ana karya dokokin nan, wani lokaci a bainar jama'a. Amma ana hukunta wasu: a 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rushe hubbaren waliyyai a Tumbuktu. Mafi yawan nasarar fannin ma ba ta fitowa a labarai, domin harin da aka fasa da fursunan da aka bari da ransa ba su da mai ɗaukar hoto. Yankin Tafkin Chadi da Sahel suna bukatar lauyoyi da hafsoshi da alƙalai da 'yan jarida waɗanda suka san wannan ilimi, suka kuma iya bayyana shi da Hausa da Kanuri da Fulfulde ga wanda ke riƙe da makami. Matashin da ya zaɓi wannan fanni ya cancanci a ƙarfafa masa guiwa, domin ya ɗauki aikin da ke tsare ran ɗan Adam a daidai wurin da ya fi araha.