Sunan da Ya Rinjayi Mai Shi: Samanja da Al'adar Ɗan Wasa Mai Hali Ɗaya

Ranar 12 ga Nuwamba 2023 Allah Ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna. Da a ranar ka tsaya a majalisar dattawa a Madarunfa ta Nijar ka ambaci wannan suna, da sun yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi, su koma hirarsu. Amma da ka ce Samanja ne ya rasu, da ka ga an ɗago kai ana salati. Mutumin ba ɗan Nijar ba ne, kuma kakin da ya sa na sojan wata ƙasa ne. Sai dai daga bakin tafkin Madarunfa zuwa Ɗan Isa, daga nan zuwa Jibiya da Katsina, tafiya ce ta kusa, kuma muryar Rediyon Kaduna ba ta taɓa tsayawa a duwan ta nuna takarda ba.

Akwai wani irin ɗan wasa a ƙasar Hausa wanda ba shi ne saurayin da ake yi wa waƙar soyayya ba. Shi hali ɗaya yake ɗauka, na soja ko na attajiri ko na baƙauye, ya riƙe shi shekara da shekaru, har sunan wasan ya danne na yanka. Abin da nake son nunawa shi ne, wannan sana'a ta kunne ce kafin ta zama ta baki, kuma abin da masu ita suka tara ya fi ƙarfin ban dariya.

Tun kafin rediyo

Bahaushe bai jira akwatin talabijin ba kafin ya san kwaikwayon hali. Ɗan kama yakan naɗa rawani, ya zauna zaman malami, ya ɗauko karin wa'azi, amma duk bayaninsa a kan tuwo da miya da nama yake. A wasan gauta matan fada ne ke raba muƙamai, wannan ta zama sarki, waccan ta zama hakimi, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu masu sarautar suna kallo. A Damagaram an san wasan kara, inda matasa ke fitowa a matsayin manyan gari da na gwamnati. Idan azumi ya kai kwana 10 kuma, yara su fito tashe, wani ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho.

Abin da ya haɗa waɗannan wasanni ɗaya ne. Ba a ƙago mutumin da ba a sani ba. Wanda kowa ya sani ake ɗaukowa, a ƙara masa gishiri kaɗan, a ajiye shi a fili. Mai kallo na dariya ne don ya gane, kuma wanda aka kwaikwaya, idan mai hankali ne, ya ji abin da ba mai iya faɗa masa a fuska. Da gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna a 1962, wannan tsohuwar dabara ce ta samu sabon dandali.

Banufen da ya saurari bariki

An haifi Usman Baba Pategi a 1942, ɗan gidan sarautar Pategi ne a ƙasar Nupe, cikin Jihar Kwara ta yau. Hausa ba ita ce harshen da ya sha a nono ba, kuma ina ganin wannan ya taimake shi. Wanda ya koyi harshe daga waje yakan ji abin da ɗan gida ya daina ji saboda sabo. Ya yi aikin gidan rediyo, ya kuma sa kakin soja da gaske a zamanin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Daga shekarun 1970 shirinsa na Samanja Mazan Fama ya kama gidajen Arewa.

Sunan kansa daga bariki ya fito, wato saje manja a bakin Bahaushe. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen da ke haɗa sojoji 'yan ƙabilu daban-daban, har ta haifi abin da ake kira Barikanci: Hausa mai gajeren numfashi, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, mai cike da gutsattsarin Turanci na umarni. Wannan harshe ne Samanja ya ɗauko. Bai ɗauko shi don ya wulaƙanta masu yin sa ba. Ya san inda soja ke yanke kalma, da inda yake ɗaga murya, da yadda tsawar filin fareti ke bin mutum har cikin ɗakinsa.

Zaɓin muƙamin ma akwai hikima. Saje manja a tsakiya yake: a gaban hafsa ya ƙame ya sara, a gaban kurtu ya zama hadari. Duk mai aiki a ƙarƙashin wani, mai kuma wani a ƙarƙashinsa, ya san wannan zama, ko magatakarda ne ko mai unguwa ko yaron babban ɗan kasuwa. Shi ya sa manomin da bai taɓa leƙa bariki ba ya gane mutumin.

Sai kuma lokacin. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce kusan dubu 10 ba, bayan yaƙi ya kai wajen dubu 250. Sojoji suka cika garuruwa, suna haya a unguwanni, suna ciniki a kasuwa, farar hula na ɗari-ɗari da su. Mulki kuma na soja ne daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A irin wannan zamani wani ya sa kaki ya fito ana yi masa dariya, sojan ma na dariya. Ya nuna wa talaka cewa a cikin kakin nan akwai magidanci mai cefane da bashi da rigimar gida, ya kuma nuna wa soja yadda tsawarsa take a kunnen jama'a. Wannan aikin sulhu ne, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Riba da hasarar hali ɗaya

Wanda ya daɗe da hali ɗaya yana samun abin da sabon shiga ba ya samu. Masu kallo sun riga sun san abin da zai yi, daɗin yana ga yadda zai yi shi yau. Ɗaga gira kawai ya isa a fashe da dariya, domin shekarun baya duk suna cikin girar. Yawancin waɗannan wasanni kuma ba a rubuta su kalma bayan kalma. A zauna a tsara ƙashin labari, kowa ya shiga da bakinsa. Wanda bai san halin da ya ɗauka ciki da bai ba, nan take za a ga ya yi tuntuɓe.

Hasarar ita ce ƙofa ta rufe a bayansa. Abdullahi Shu'aibu na Jos ya zama Karkuzu har abada. Rabilu Musa, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, ko wane fim ya shiga Ibro ake gani. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya bi ɗaya hanyar: ya fito a Karambana, ya fito a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da aka mayar wasan talabijin, ya kuma yi wasa da Turanci a Cock Crow at Dawn. Shi fatarsa yake sauyawa, su kuwa rijiya ɗaya suka yi ta haƙa har ta yi zurfi. Kowace hanya na da gwaninta.

Wannan gefen iyaka

Mutumin Madarunfa kunne biyu gare shi, ɗaya na jin Kaduna, ɗaya na jin Yamai da Damagaram. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974 an farfaɗo da ƙungiyar matasa ta samariya, ƙungiyoyin wasa suka yawaita, ana gasa a bikin matasa na ƙasa, ana faɗakarwa a kan auren dole da almubazzaranci da cin hanci. Daga wannan zamani sunan Yazi Dogo, malamin makarantar da ya zama uban 'yan wasan Hausa a Nijar, ya shiga gidaje ta Télé Sahel. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan Hausa a Nijar, ta kira shi fasahar baka ta zamani, kuma sunan ya dace.

A nan mutanen da ake kwaikwaya su ne namu: alhajin birni mai babbar riga, mushe ɗan boko mai tsarma Faransanci cikin Hausa, jandarma, boka. Yadda Samanja ya kama Hausar da ta gogu da Turanci, haka 'yan wasan Nijar suka kama wadda ta gogu da Faransanci. Wanda ya haɗa kaset ɗin ɓangarorin biyu zai ji yadda mulkin mallaka iri biyu ya bar tabo iri biyu a harshe ɗaya.

Abin da ya rage a wuyanmu

Tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kasuwa ta karkata ga jarumi da jaruma da waƙa. Tsohon ɗan wasa ya koma uban yarinya ko maigari, ya fito sau biyu a sallame shi. Da yawansu sun tsufa ba fansho, sai ciwo ya kwantar da su a ji ana neman taimako. Kaset ɗin da aka naɗi aikinsu kuwa zafi da ƙura ba sa jira.

Ba Kaduna kaɗai ke da irin waɗannan mutane ba. A garuruwan jihar Maraɗi akwai dattawan da suka yi wasa a samariya, waɗanda har yau ake kiran wasunsu da sunan wasa. Ɗalibin Hausa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Bayero a Kano ba ya buƙatar abin da ya wuce waya da haƙurin zama. Ya je ya gaishe su, ya tambaye su wa suka saurara kafin su iya muryar da suka yi suna da ita, a wace kasuwa, a ƙofar wane ofis. Amsar da za su ba shi tarihin garin ce yadda aka furta shi da baki, kuma ranar da aka kai mai ita makwanci, da ita ake rufe shi.