Jinkirin Shirya Fim da Tasirinsa a kan Harshe: Nazarin Fim ɗin Sarraounia

1.0 Gabatarwa

Marubucin littafi ba ya bukatar komi illa alƙalami da takarda, amma mai shirya fim sai ya tara kuɗi, ya sami yardar hukuma, sannan ya haɗa 'yan wasa da kayan aiki a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya kuɓuce, sai aiki ya tsaya cik, wani lokaci har shekaru. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilan irin wannan jinkiri, ta kuma nuna cewa fim ɗin da ya sha jira ba ya fitowa yadda aka ƙudurta shi tun farko. An ɗauki fim ɗin Sarraounia na Med Hondo a matsayin misali, domin labarinsa na ƙasar Hausa ne.

2.0 Tushen Labarin

A shekarar 1899 rundunar Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar da ake kira Nijar a yau, tana ƙona garuruwa tana karkashe mutane, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Chadi. A garin Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutse, Sarauniya Mangu ta Azna ta ƙi miƙa wuya, aka gwabza yaƙi. Wannan tarihi ne Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya mayar ƙagaggen labari da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya mazaunin Faris, ya ɗauki littafin don ya mai da shi fim, amma bai fito ba sai a 1986.

3.0 Dalilan Jinkiri

Dalili na farko shi ne kuɗi. Fim ɗin tarihi yana bukatar ɗaruruwan mutane, da dawaki, da bindigogi, da tufafin zamanin da, da garin da za a gina don kawai a ƙona shi. Attajiri kuwa ba ya zuba dukiyarsa sai inda yake tsammanin riba, ga shi a wancan lokaci finafinan Indiya da Amurka da Faransa ne suka mamaye gidajen silima na Afirka ta Yamma. Saboda haka sai an bi ana tsintar kuɗin kaɗan-kaɗan, kuma kafin na ƙarshe ya cika alkawari, na farko ya gaji da jira. Shi kansa Hondo da muryarsa yake ci, wato yana juya maganar 'yan wasan Amurka, irin su Eddie Murphy, zuwa Faransanci.

Dalili na biyu shi ne hukuma. Wanda ba shi da jari mai kauri tilas ya jingina da gwamnati don samun fili da motoci da jama'a. An tsara ɗaukar Sarraounia a Nijar, inda abin ya faru, amma gwamnatin Seyni Kountché ta janye hannunta kafin a soma. Ya kamata a tuna cewa labarin yana tona ta'asar Faransa, wadda ita ce babbar mai sayen yuraniyam ɗin Nijar a lokacin, kuma marubucin tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha ɗauri a zamanin wannan mulki. Sai da gwamnatin Thomas Sankara ta Burkina Faso ta karɓi aikin sannan aka ɗauki fim ɗin a can.

Dalili na uku shi ne kayan aiki. A wancan zamani akasarin masu shirya fim na ƙasashen rainon Faransa sukan yi hayar na'urori daga Turai, su kuma aika abin da suka ɗauka can a wanke a haɗa. Kowane mataki yana jiran kuɗin waje.

4.0 Abin da Jinkiri Ya Haifar

Ta fuskar fasaha, Sarraounia aiki ne na a yaba. Ya nuna yadda haɗama ta ci rundunar mamaya daga ciki, har sojojinta baƙaƙen fata suka juya suka kashe jagororinsu biyu. Bai kuma ɓoye cewa wasu masu mulkin yankin sun ƙi taimakon Sarauniya saboda saɓanin addini ba. Wannan ya sa ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Amma ƙaura ta zo da tata hasarar. Da yake a Burkina Faso aka nemi 'yan wasa, sai Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harshen Jula ya maye gurbin Hausa, tare da Fulatanci da Faransanci. Ke nan Bahaushen Dogon Dutse ba zai ji maganar kakarsa ba sai da tafinta. Kirari da karin magana da salon Arawci, waɗanda su ne za su ba labarin ƙamshin ƙasarsa, duk sun salwanta. Laifin ba na darakta ba ne, domin rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma wajibi ne mai nazari ya ƙidaya wannan cikin kuɗin da jinkiri ya ci.

Duk da haka, Hondo ya fi Ousmane Sembène na Senegal sa'a. Shi ya shafe shekaru da dama yana neman kuɗin fim a kan Samori Ture, har ya rasu a 2007 bai ɗauke shi ba.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa ƙarancin jari, da dogaro ga hukuma, da rashin kayan aiki a gida su ne ke tsayar da fim. An kuma ga cewa wanda ya ceto aikin yakan sauya masa wuri da 'yan wasa, har da harshe. Don haka duk mai nazarin fim ɗin tarihi, kafin ya yanke hukunci a kan abin da ya gani a allo, ya dace ya binciki wanda ya biya, da inda aka ɗauka, da abin da aka sadaukar kafin a kammala.