A Tsara Labari Kafin a Kunna Kyamara

Jama'ar Sabo, mu da muke nesa da gida, yaranmu sun fi jin Hausa a fim a kan a bakinmu. Shi ya sa ba za mu yi shiru ba kan finafinai masu dogon zango da suke kallo a waya.

Ciwon yawancinsu ɗaya ne: ba a tsara labari kafin a rubuta shi. Sai ka ga an sace yarinya a kashi na uku, har kashi na ashirin ba mai cigiyarta, uwarta ma tana can tana rawar biki. Mugu ya yi ɓarna, an manta da hukuncinsa. To me yaro ya koya? Wai zalunci ba ya da sakamako.

Ku duba Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Sace yaron, kai shi ƙasar Larabawa, neman da uwarsa ta yi: kowane abu shi ya haifi na gaba.

Marubuci ya fara jera fitowa bayan fitowa a takarda: wa ke ciki, me yake so, me ya canza. Wadda ba ta ƙara komai ba ya soke ta, sannan ya rubuta maganganu. Ko limamin da zai yi sauka a tarawihi sai ya raba izu sittin bisa darare tun kafin a ga wata.

Allah ya sa su gyara.